Shanun Bawa Da Ɓarayi Suka Bari

Idan ka taɓa sauke kaya a Magama, bakin bodar Jibiya, kana neman wanda zai kai maka su ƙauye ta hanyar da mota ba ta bi, da wuya a ce ba a nuna maka Bawa ba. Dogo ne, siriri, mai ɗan rankwafawa, da malafar da rana ta cinye gefenta. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana jan amalanken shanu tsakanin ƙauyenmu Rafin Kanya da Magama da ƙauyukan tsallake wajen Ɗan Isa. Da rani ya ɗauki taki da kara da buhunan gero da gadon amarya. Da damina ya kwance amalanke ya ɗaura garma ya yi wa mutane huɗa. A rufe boda, a buɗe boda, Bawa yana nan. Kwastan na wannan gefe da duwan, takwarorinsu na wancan gefe, duk sun san shi, kuma sun daɗe da daina caka ƙarfe a buhunansa, don sun gaji da cakawa ba su sami komai ba.

Ni sunana Shafi'u, malamin dabbobi ne ni, ni nake yi wa shanun yankin Daddara allura. Na faɗi haka tun da wuri domin ni na kai baƙin da zan ba da labarinsu ƙofar gidan Bawa, da ƙafata, kuma da bakina na lallashe shi. Duk fushin da za a ji a cikin wannan labari, akwai kasona a ciki.

Bawa ba mai surutu da mutane ba ne. Da shanu yake hira. Bijimai biyu gare shi, Bahago wanda ake ɗaurawa a hagu, da Tozo. Tun daga gida har boda zai yi ta ba su labarin farashin gero da halin mutanen yanzu, su kuma suna kaɗa kunne. Tsumagiyar da ke hannunsa ta korar ƙuda ce, ban taɓa ganin ta sauka a bayan sa ba. Matarsa Barira, wadda ke dama fura a zaure, takan ce da ita saniya ce da tuni ta ji duk labarin duniya. 'Ya'yansu mata uku duk sun yi aure. Abin da mahaifinsa ya bar masa garma ce da gona ɗaya a bakin rafi, sai kuma wuri a sahun farko na masallaci, wajen taga, wanda kowa ya san nasa ne ko da ya makara.

Wata rana ya dawo gida da yamma ya tarar da rabin buhun albasa a ƙarƙashin tamfol, na wani ɗan kasuwar Maraɗi da ya yi wa dako. Bai ci abinci ba ya sake ɗaura shanu ya koma. Irin mutumin ke nan.

Shekara uku da suka wuce, bayan girbi, wasu masu bincike suka zo daga wata jami'a. Shugabansu Dakta Abbas, mutum mai fara'a da tabarau da Hausar Kano mai daɗi. Suna son su gano yadda ciwon huhun shanu ke tsallaka boda, wato wace dabba ke zuwa ina, da wa take haɗuwa a mashaya. Sun zo da wata na'ura da ake ɗaura wa sa a wuya: ɗamara mai kauri da waya a cikinta, da ɗan akwati kamar sandar sabulu, da ɗan sola a samansa. Duk bayan awa ɗaya tana aika wa kwamfutarsu inda san yake ta tauraron ɗan'adam, da zafin jikinsa, da ko yana tafiya ko yana kwance yana tuƙa. Ana kulle ta da wani noti da ba ya kwancuwa sai da sifanarsu.

Makiyaya suka ƙi. Suka ce sun gode, Allah ya kiyaye hanya. Ni kuwa an ɗauke ni tafinta kuma ɗan jagora, ina ganin kaina wani abu, sai na ce na san wanda shanunsa ke tsallaka boda kusan kullum.

Muka zauna a zauren Bawa, Barira ta kawo fura. Dakta ya ciro takarda mai shafi huɗu da Turanci, ina karantawa ina fassarawa. Akwai layin da ya ce ba za a taɓa bayyana sunan mai dabba ga kowa ba. Na fassara shi da alfahari, kamar kyauta nake miƙa masa. Bawa bai kula da takardar ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ne cewa na'urar za ta gane zazzaɓi a jikin sa tun kafin ido ya gani.

Ya dube ni ya ce, "Malam Shafi'u, kai ka yarda da abin ga?"

Na ce, "Na yarda, Baba."

Ya ce, "To a ɗaura."

Ya dangwala yatsa, aka ɗaura wa Bahago da Tozo. Da za su tashi na ce wa Dakta ya kamata mu biya ƙofar mai gari, a nuna wa jama'a abin, a ce ga amfaninsa. A wajenmu ko rijiya baƙo zai duba sai an kai shi ƙofar mai gari an ji da me ya zo. Dakta ya dubi agogo ya ce an umarce su su koma Katsina kafin la'asar saboda hanya, in sun dawo za su je. Ba su dawo ba. Tsayawar ba za ta wuce minti ashirin ba, kuma ni da na san garin ban dage ba.

Zan faɗi gaskiya, abin ya yi aiki sau ɗaya. Wata safiya Dakta ya kira ni ya ce jikin Bahago ya yi zafi tun jiya, kuma ya rage tuƙa. Na je na duba, haka ne, na yi masa allura ya warware. Bawa ya yi murna har ya aika wa Dakta zabi biyu ta hannun direba. Mutanen gari kuwa suka mai da abin wasa. In ya wuce majalisa sai a ce, "Ga shanun boko nan, Bawa, yaushe za su kama mana labarun yamma?" Shi ma yakan yi murmushi.

Akwai wata al'ada a Rafin Kanya. Da rani, ranar da ba aiki, ana haɗa shanun huɗar gari gaba ɗaya a kai su fadama, masu shanun suna kiwon karɓa-karɓa, yau wane gobe wane. Saura kamar mako uku ruwa ya sauka, wata Talata, kiwo ya faɗo kan Hussaini, abokin Bawa tun ƙuruciya, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya. Bayan la'asar ɓarayin daji suka fito a kan babura, ido na ganin ido, ba ko kunya. Hussaini ya faɗa cikin kwazazzabo ya kwanta, kuma ba wanda zai zarge shi. Suka kora shanu talatin da ɗaya suka nufi daji.

Ana cikin kururuwa da salati a bakin gari, mata sun fito ba mayafi, maza suna ta kai da komo da gora da bindigar toka, sai ga Bahago da Tozo sun ɓullo daga hanyar fadama. Su biyu kaɗai, a hankali, gefe da gefe kamar suna jan amalanke. Suka ratsa ta tsakiyar taron, kowa ya ba su hanya, suka je ƙofar gidan Bawa suka tsaya.

Na duba wuyansu a ranar. A jikin ɗamarar Tozo akwai saran wuƙa har uku, an yi ƙoƙarin yankewa wayar ciki ta hana. Ba sai an yi dogon tunani ba. Ɓarayin nan sun san tiraka, wato na'urar bin sawu, fiye da ni da kai, sun san dabbar da ke ɗauke da ita za ta nuna maɓoyarsu, shi ya sa suka ware su suka kore su. Na nuna wa mutane saran. Wani ya ce ai Bawa ma yana da wuƙa.

Hussaini ya faɗi abin da ya gani, kuma bai ƙara ko kalma ba. Ya ce, "Na hango sun duba wuyansu, sunka ware su gehe. Iyakar abin da nig gani ke nan." Bijimansa uku suna cikin waɗanda aka tafi da su.

Kafin gari ya waye sau biyu kalmar ta fito. Infoma.

Wanda ba ɗan yankinmu ba ne ba zai san nauyin wannan kalma ba. Infoma shi ne ɗan gari da ke tsegunta wa ɓarayi wa ke da shanu, wa ya sayar da hatsi, ta ina ake shiga. Akwai su, ba ƙarya ba ne, kuma sun jawo mana asarar rayuka. Amma kalmar ba ta jiran shaida. Na san mutum biyu da aka kira haka a ƙauyukan kusa, ɗaya an tsinci gawarsa a gona, ɗayan har yau ba a san inda yake ba. Yanzu ga mutum da wani akwati mai sola a wuyan shanunsa, akwatin da ba wanda ya taɓa yi wa gari bayaninsa, an kwashe na kowa an bar nasa.

Ina jin haushin mutanen garinmu, kuma ba zan ɓoye ba. Sun san Bawa tun yana yawo ba wando. Amma mutumin da aka raba da shanun huɗarsa saura mako uku damina, yana kallon yunwar baɗi ƙiri-ƙiri, ba ya neman gaskiya, wanda zai kama yake nema, kuma ba zai iya kama na daji ba.

Bawa ya tashi a masallaci bayan sallar azahar, shi da ba ya magana, ya ce duk wanda aka ɗauke wa shanu zai yi masa huɗa kyauta, gona bayan gona, tasa ta zo ƙarshe. Wallahi na ji da kunnena wani ya ce, "Kun ji ko? Ya tsargu." Washegari da ya tsaya a wurinsa wajen taga, na kusa da shi ya matsa, aka bar gurbin mutum guda a sahu, liman yana cewa a daidaita ba wanda ya motsa. Furar Barira ta kwana ta yi tsami a ƙwarya. A Magama aka daina kiransa dako. 'Yan sa-kai suka zo sau biyu suka zazzage masa ɗaki, har da buhun iri.

Na ce masa mu je a yanke na'urar kawai. Ya ce, "In na yanke yanzu, na amsa laihi ke nan. Masu abin su taho su hwaɗi mi ne ne."

Mai gari Ahmadu ma haka ya ce. Dattijo ne mai hankali, yana riƙe da matasa da ƙyar. Ya ba mu zuwa Juma'a ta sama, a kawo masu na'urar su yi bayani a gaban jama'a. Ya ce bayan wannan rana ba zai iya ɗaukar alkawarin komai ba.

Na kira Dakta Abbas. Ya yi salati, ya jajanta, ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai. Sannan ya ce jami'a ta hana ma'aikatanta zuwa Jibiya sai abin da hali ya yi. Na ce to ya rubuto takarda da hatimi, cewa su suka ɗaura wa shanun Bawa na'ura don binciken ciwo. Ya ce ba zai iya rubuta sunan kowa ba, dokar bincike ta hana, akwai kwamitin da ke kula da haƙƙin mutanen da ake bincike a kansu. Ya ce, "Malam Shafi'u, kare shi muke yi."

Ban san lokacin da na kashe wayar ba. Washegari na hau mota, tafiyar awa biyar, na same shi a ofis.

Ofishin da sanyi kamar randa. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo lemo, wannan fara'ar tasa ita ta fi ƙona mini rai. Ya juyo da kwamfuta ya nuna mini taswirar yankinmu, ga rafi, ga fadama, ga layin boda. Ga ɗigo biyu, lamba sha bakwai da sha takwas, wato Bahago da Tozo. Ya buɗe ranar Talatar. Ya nuna mini lokacin da shanun suka zabura da gudu, da inda aka tsayar da su, da yadda aka jijjiga ɗamarar sha takwas, da hanyar da suka bi suka koma gida. Komai yana nan. Suna zaune a ɗaki mai sanyi sun ga abin da Hussaini bai gani ba daga cikin kwazazzabo.

Sai na ga idonsa yana ƙyalli. Ya ce wannan abu ne da ba su zata ba, wato na'urar tana hana sata. Ya ce abokan aikinsu na ƙasar waje sun yi murna, har sun fara rubuta maƙala, mai yiwuwa a faɗaɗa aikin zuwa jihohi uku.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da ya ba ka fura za a kashe."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce ya fahimta. Na ce ya buga mini wannan taswira in kai wa mai gari. Ya ce bayanan ba nasa ba ne shi kaɗai, sai an nemi izini. Na ce ya ba ni sifanar. Ya ce tana wurin injiniya, injiniya ya tafi kwas, kuma saura wata biyu a kammala tattara bayanai. Na miƙe tsaye na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba, har masinja ya leƙo. Daga ƙarshe ya yarda zai yi wa jama'a magana ta waya ranar Juma'a. Na fito ina ganin na yi nasara.

Ranar Juma'a bayan la'asar gari ya taru a ƙofar mai gari. A ƙauyenmu layin Nijar ya fi kamawa, don haka na sa sim ɗin can, na kife turmi a tsakiyar fili, na ɗora wayar a kai na buɗe sifika. Bawa yana zaune a ƙasa gefe guda, malafarsa a kan gwiwa. An ɗaure Bahago da Tozo a gindin bedi inda kowa zai gan su. Shamsu, shugaban 'yan sa-kai, yana tsaye da bindiga a kafaɗa.

Dakta ya yi sallama, ya yi bayani mai kyau a kan ciwon huhu. Mutane suka saurara. Sai mai gari ya gyara murya.

"Likita, abin ga shina hwaɗin inda shanu suke?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. Duk bayan awa ɗaya."

Aka yi guna-guni. Mai gari ya ɗaga hannu.

"Wa shika hwaɗa mawa?"

"Mu masu bincike. Da abokan hulɗarmu na ƙasar waje. Da kamfanin da ya ƙera na'urar, don ta wurinsu bayanan ke biyowa."

"Su wa da wa ke nan? Mutum nawa?"

Dakta ya ce, "Gaskiya ba zan iya lissafa maka su duka ba."

Shamsu ya matso kusa da turmin. Ya ce, "Kana iya rantsuwa cikinsu babu mai ba ɓarayi labari?"

Da Dakta ɗan kasuwa ne da ya rantse nan take. Amma shi masani ne, sai ya ce, "To, a ilmance ba zan ce ɗari bisa ɗari ba, sai dai abu ne mai matuƙar wuya." Ba wanda ya ji rabin maganar na ƙarshe, hayaniya ta riga ta tashi.

Mai gari ya yi ta buga sanda a ƙasa har aka lafa. Na ga yana neman ƙofar da zai fitar da Bawa. Ya ce, "Likita, bar wannan. Tambaya guda. Kai da hannunka ka ɗaura ma shanun Bawa abin ga? Kai ka roƙe shi?"

"Ranka ya daɗe, ba ni da izinin tabbatar da sunan kowa a cikin waɗanda suka shiga binciken."

Bawa ya tashi. Ya taka a hankali har gaban turmin, ya durƙusa kamar mai gaida surukai, ya kai bakinsa kusa da wayar.

"Dakta, ni ne Bawa. Ka zamna zaurena, ka sha hura. Asirin ga da kaka ɓoye man, na yahe. Hwaɗi sunana."

Na rantse da Allah ina jin numfashin Dakta ta cikin sifika. Ya ce, "Baba, ina jin ka. Amma sai an rubuto a takarda, kwamiti ya zauna ya amince. Zan yi ƙoƙari a hanzarta."

Bawa ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya kakkaɓe gwiwarsa, ya kwance shanunsa ya tafi gida. Ba wanda ya tare shi, mai gari yana tsaye.

Da magariba mai gari ya aika aka kira mu. Bai iya duban Bawa ba. Ya ce shi kam bai yarda da zargin ba, amma matasa sun fi ƙarfinsa, Bawa ya ɗan ba da wuri har ƙura ta lafa. Bawa ya ce, "Allah shi ba ka nasara, na ji."

Da hantsi washegari ya ɗaura amalanke. Gado, tukwane, buhun iri, garmar mahaifinsa, Barira a sama ta rufe fuska da mayafi. Dangin mahaifiyarsa suna wani ƙauye bayan Ɗan Isa. Na raka su a kan babur. Ba wanda ya fito. Hussaini yana zaune a ƙofar gidansa yana gyaran igiya, bai ɗago kai ba, amma na ga hannunsa ya tsaya.

A Magama Bawa ya tsaya wurin wani maƙeri, aka sa zarto. An fi awa ana gurzawa kafin ɗamarun su rabu, wuyan Tozo ya yi fari inda gashi ya zube. Na ce a jefa su a kwata. Bawa ya goge su da gefen rigarsa, ya sa a buhu ya ɗaure, ya miƙo mini. Ya ce, "Kayan mutane ne. Mai da musu." Wani kwastan da ya san shi ya ɗaga masa hannu yana dariya, ya ce yau kuma kayan wa aka ɗauko. Bawa ya ce nasa ne.

Na mayar musu da kayansu. Wata ma'aikaciya ta karɓa da godiya, ta ba ni fom in cike dalilin janyewa daga bincike. Akwai akwatuna huɗu: dabba ta mutu, an sayar, an sace, mai dabba ya canza ra'ayi. Na bar mata shi a kan tebur. Takardar kwamiti ta iso bayan wata huɗu, an amince a bayyana sunan. Na kai wa mai gari, ya sa aka karanta a masallaci, mutane suka ce ai takarda kowa yana iya bugawa a Jibiya. Maƙalar ma ta fito, wani abokina ya turo mini a waya. An rubuta cewa a wani ƙauye na kan iyaka ɓarayi sun ƙyale dabbobi biyu masu na'ura, abin da ke nuna alfanunta ga tsaron dukiyar talaka. An yaba musu sosai, na ji har lambar yabo aka ba su.

Ba na cewa na'urar sharri ce. Ta ceci Bahago daga zazzaɓi, na gani da idona. Abin da ke ci mini rai shi ne mutanen da suka iya sanin sau nawa sa ya tuƙa a rana daga tafiyar awa biyar, ba su taɓa tambayar me maƙwabcin mai san zai ce in ya ga akwati a wuyansa ba. Ni kuma da na san amsar na yi shiru don kada a ce ɗan ƙauye yana ɓata wa manya lokaci.

Watan jiya na tsallaka na je gaishe shi. Ya rame, rankwafawar ta ƙaru. Yana zaune a ɗakin aro a bayan gidan ɗan kawunsa, yana noma gonar aro. Tozo ya mutu bara, ya haɗa Bahago da wani ɗan maraƙi da bai iya tafiya a layi ba. Barira ta kawo mini ruwa, ta tambayi mata ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har waɗanda suka daina gaishe ta. Shi kuma ya tambayi gonar bakin rafi, na ce ciyawa ta ɗan kama ta. Ya tambayi Hussaini, na ce yana nan lafiya.

Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya. Na hau babur, ya dafa kan babur ɗin.

"Malam Shafi'u, har yanzu ana hwaɗi?"

Ana faɗi. Ko a makon nan na ji wata mata tana zagin ɗanta da sunansa. Na dubi fuskarsa na ce, "A'a, Baba. An daina."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana duban hanyar da ta nufi gida.

"To mi ya hana ka ce in taho?"